Falle 35, bargo ɗaya: aikin da ya kamata a fara tun kafin hunturu

Duk shekara haka muke yi. Da zarar Disamba ta kama, iska ta fara kaɗawa, leɓe da ƙafa suka fara fashewa, sai Facebook da TikTok su cika da hotunan yara. Wani ya ɗauko almajirai sun dunƙule a bakin shago da asuba, wata ta saka bidiyon yaran sansanin 'yan gudun hijira suna jin ɗumi a gaban wutar kwali da leda. A ƙasa kuma kwament ya yi ta zuba: "Allah sarki", "Ina gwamnati?", "Wallahi sai da na yi kuka." A yi kwana uku ana tashen maganar, sai rikicin wasu 'yan fim ya ɓullo, kowa ya koma can. Yaron da ke cikin hoton kuwa yana nan inda aka bar shi, da 'yar rigarsa ɗaya, har Fabarairu.

Tausayi kam muna da shi, har ya so ya yi yawa. Abin da muka rasa shi ne aikin da ya yi daidai da ƙarfinmu. Yawancin masu karanta wannan fili ɗalibai ne, ko masu jiran aiki, ko masu 'yar sana'ar da ba ta wuce kuɗin data da na mota ba. In aka ce kowa ya kawo kuɗin bargo, da yawa za su yi shiru, kuma ba rowa ba ce. Amma muna da lokaci, muna da hannu biyu, kuma kowannenmu yana cikin zauren WhatsApp aƙalla biyar. Da waɗannan ukun ne wasu mutane a wasu ƙasashe suka daɗe suna lulluɓe yara, ta hanyar da ba ta buƙatar attajiri ko ɗaya. Ra'ayinmu a wannan fili shi ne matasa su ɗauki wannan hanya, kuma su fara tun kafin sanyin ya sauka.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2008 wata mata a Ostireliya mai suna Sandy McDonald da gwaggonta Ronda Lowrie, wadda ke zaune a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, suka kafa wani shiri da suka kira Knit-a-square, wato "saƙa falle ɗaya". Masu jin Afirka ta Kudu su ɗauka ko'ina rana ce, to Johannesburg tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,700, kuma daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da mu nan muke tsakiyar damina, su sanyi ne ke cin su, wani daren har raɓa takan daskare a kan ciyawa. A unguwannin talakawa mutane da yawa a ɗakunan kwano suke kwana. Ga kuma dubban yaran da cutar ƙanjamau ta raba da iyayensu, suka koma hannun kakanni. Ronda tana ganin yaran nan a bakin titi, takan raba musu bargo daga motarta, amma mutum ɗaya bargo nawa zai iya saye?

Dabarar da suka fito da ita ba ta da wani ƙyale-ƙyale. Ba su ce kowa ya saƙa bargo ba, don bargo guda aikin makonni ne, kuma mutane da yawa za su fara su watsar. Suka ce kowa ya saƙa ɗan falle mai kusurwa huɗu, santimita 20 tsawo, 20 faɗi, ya sa a ambulan ya aiko. In fallaye 35 suka taru, sai a jera su biyar a faɗi, bakwai a tsawo, a ɗinke. An samu bargo mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya da santimita 40, wanda ya isa ya rufe ƙaramin yaro tun daga kafaɗa har ƙafa. Masu aikin sa kai su buɗe saƙonni su ware, tsofaffin mata na unguwanni irin su Soweto, waɗanda a can ake kira "gogo", su zauna su haɗa, sannan a kai makarantun renon yara a raba. Bargo ɗaya zai iya ƙunsar hannun wata tsohuwa a Kanada, da wata ɗaliba a Ingila, da wani a Japan, kuma babu wanda ya san wani.

Ba su ne farau ba. Tun 1991 wata mai shagon sayar da ulu a jihar Wisconsin ta Amurka, Evie Rosen, ta fara irin wannan da sunan Warm Up America, inda ake haɗa fallaye 49 masu inci 7 da inci 9 su zama bargon babban mutum. A 1995 kuma aka kafa Project Linus a Amurkan, wanda ke kai barguna na aikin hannu ga yaran da ke kwance a asibiti ko suka shiga wani tashin hankali.

Wanda ya fi kusa da halinmu na 'yan soshiyal midiya shi ne na Disambar 2013, watan da Nelson Mandela ya rasu. Zelda la Grange, wadda ta daɗe tana yi masa sakatariya, ta ƙalubalanci wata mata mai suna Carolyn Steyn da ta samar da barguna 67 kafin ranar tunawa da Mandela, wato 18 ga Yuli, saboda shekaru 67 da ya yi yana hidimar jama'a. Carolyn ta ga ba za ta iya ita kaɗai ba, sai ta buɗe zaure a Facebook ta nemi taimako. Abu kamar wasa ya zama gagarumin shiri, har fursunoni a gidajen yari suka shiga saƙa, kuma a 2015 aka shimfiɗa bargunan a filin fadar gwamnati da ke Pretoria suka shiga kundin bajinta na Guinness. Nan fa sai mu yi hattara, don mun san kanmu. Tun da Hilda Baci ta yi girkinta a Legas a 2023, kowa ya tashi neman shiga Guinness, daga mai kuka sai mai tausa. In wani ya karanta wannan ya ce zai kafa tarihin bargo mafi girma a Arewa, don Allah ya sha ruwa ya zauna. Abin koyi a labarin shi ne Facebook ɗin da muke zagin juna a ciki, shi wata ta yi amfani da shi ta tara masu saƙa.

Wani zai ce ai wannan al'adar Turawa ce, tsofaffi a kujera mai lilo. To a tambayi kakanni yadda ake yin gwado da luru. Masaƙanmu na gargajiya ba sa saƙa mayafi gaba ɗaya. Sirara-sirara suke fitar da shi daga masaƙa, sannan a jera a ɗinke gefe da gefe har ya zama abin rufa. Dabarar haɗa ƙanana su zama babba tana cikin sana'ar ƙasar Hausa tun kafin a san injin Kaduna. Kwarashi kuwa, wace unguwa ce babu matar da ke saƙa hular jarirai da safa da suwaita da shawul na suna? Da yawa cikin 'yan matan da ke karanta wannan sun koya a makaranta ko a wajen yayyensu, suka ajiye tsinken a ƙasan akwati. Ga YouTube da TikTok cike da darussa, wasu ma da Hausa. Falle mai kusurwa huɗu shi ne abu mafi sauƙi a duk harkar saƙa, babu ragi, babu ƙari, babu hannun riga. Wanda bai taɓa riƙe kwarashi ba zai iya koyo a zama biyu ko uku, wanda hannunsa ya faɗa kuwa zai iya gama falle kafin a gama wasan ƙwallo ɗaya.

Samari kuma kada mu ji wani ya ce aikin mata ne. Su wa ke zama a masaƙa a da? Maza. Su wa ke zama a zaure da allura suna yi wa babbar riga aska takwas, suna ɗinkin hula? Har gobe za ka gan su a Zariya da Kano. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, ɗan wasan tsalle cikin ruwa na Birtaniya Tom Daley, da lambar zinarensa a hannu, an nuno shi a cikin 'yan kallo yana saƙa hankali kwance. Kai da kake awa huɗu a majalisa kana gardamar Arsenal da Chelsea, hannunka me yake yi a lokacin? In saƙar ta gagare ka, akwai awo, akwai ɗinkewa, akwai zuwa kasuwa sayen ulu, akwai kai kaya a babur.

Yanzu ga babbar tambayar, kuma tambaya ce mai ma'ana: me ya sa ba za a tara kuɗin ulun a je Ƙofar Wambai a sayo bargon gwanjo ba? Ya fi sauri, sau da yawa ya fi araha, wani ma ya fi kauri. Gaskiya ne. In yau da daddare akwai yara 200 a wata tsangaya da ba su da abin rufa, babu mai hankalin da zai ce su jira a gama saƙa. A tafi kasuwa. Mu yi lissafin ma a fili, don kada mu yaudari kanmu: mutum 35, kowa falle ɗaya a mako, bargo ɗaya ke nan a mako. Wata uku, barguna 12 ko 13. Ba zai rufe yaran unguwa ɗaya ba, balle jiha.

Duk da haka muna nan a kan bakanmu, saboda saƙa tana yin wasu abubuwan da kuɗi ba ya yi. Tana buɗe ƙofa ga wanda ba shi da komai. Yarinyar da ba za ta iya ba da kuɗin bargo ba tana iya samun ragowar ulu a wajen maƙwabciya mai injin saƙa, ko ta warware tsohuwar suwaitar da ta yi mata kaɗan. Falle ai ba ya buƙatar launi ɗaya, kyansa ma ya zama kala-kala. Sannan tana riƙe mutane. Gudummawar kuɗi sau ɗaya ce, ka tura ka manta. Wanda ya yi alkawarin falle duk mako kuwa, duk mako sai ya tuna da yaran, sai ya haɗu da sauran, sai a yi maganar tsangayar da za a kai, da gidan marayun da aka ce rufinsa na yoyo. Daga irin wannan zama ake samun mutanen da gobe za su iya tunkarar kansila da magana mai tsari.

Akwai kuma batun amana, wanda kowa ya san ciwonsa. Sau nawa aka saka lambar asusu a ƙarƙashin hoton yaro, jama'a suka yi ta turawa, daga baya aka ji shiru, ko aka ji rigima? Wannan ya sa mutanen kirki da yawa sun daina bayarwa a intanet kwata-kwata. Falle ba ya shiga asusun kowa. Ana ƙirga shi a gaban jama'a: an karɓi 140, dole a ga barguna huɗu. Babu wanda zai sayi waya da shi.

Inda muke ganin saƙa ta fi gwanjo nesa ba kusa ba shi ne wajen jarirai, kuma a nan maganar ta wuce jin sanyi, ta kai ga rai. Jariri sabon haihuwa, musamman bakwaini ko mai ƙarancin nauyi, jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi kamar na babba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, in ya sauka ƙasa da haka an shiga haɗari. Kansa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa, ga shi a jiƙe yake fitowa, don haka ɗumi mai yawa ta kai yake fita. Shi ya sa ake cewa a goge shi nan take, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a rufe su tare, kuma a jinkirta wankan farko har awa 24. Wannan ɗora jariri a ƙirji, da ake kira renon kangaru, likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka fara shi a 1978 saboda ƙarancin kwalabar renon bakwaini, kuma a 2022 hukumar ta ba da shawarar a fara shi nan da nan bayan haihuwa. Ƙirjin uwa shi ne asalin maganin. Hula da safa da ɗan mayafi su ne 'yan rakiya. To je ka dilar gwanjo ka nemo hular da za ta zauna a kan jariri mai kilo ɗaya da rabi, ka gani ko za ka samu. Mai kwarashi kuwa za ta fitar da ita a yamma ɗaya.

Sai dai kayan jarirai ba a yi musu garaje. Kafin a saƙa ko ɗaya, a je a sami ma'aikatan jinya na ɗakin haihuwa ko na jarirai, a gaishe su, a tambaye su me suke buƙata, wane girma, kuma ko suna karɓa ma. Saƙar ta zama mai matsi, don ƙirar nan mai manyan huji da ke kyau a hoto tana iya kama yatsan jariri. Ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, ban da zare mai reto. A wanke, a shanya a rana, a sa a leda mai tsabta. Kuma a riƙa tuna wa iyaye kada mayafi ya rufe fuskar jariri in yana barci. Sadakar da za ta jawo wa ma'aikaciyar jinya ƙarin aiki, gara a bar ta.

Saura kyamara. Mun san in ba a saka a intanet ba wasu ji suke kamar ba a yi ba, kuma gaskiya hoto yana jawo sababbin hannaye. To a ɗauki bargon. A ɗauki hannayen da ke saƙa, da fallayen da aka shimfiɗa a tabarma, da tsohuwar da ke ɗinkewa in ta yarda. Fuskar yaro kuwa a bar masa abarsa. Yaron nan da aka tsayar a layi, aka miƙa masa bargo ana cewa "kalli nan, ka ce na gode", zai girma, zai riƙe waya, kuma intanet ba ta mantuwa. Almajiri yana da iyaye a ƙauye, yana da malami. Marayan gidan marayu yana da masu kula da shi. A nemi izininsu, a miƙa kayan ta hannunsu, a yi sallama a tafi. In ba za ka so a saka hoton ƙanenka a wannan hali ba, ka san amsar ke nan.

Kada kuma wani jami'i ya karanta wannan ya ji daɗi, ya ce matasa sun ɗauke masa nauyi. Yaron da ke kwana a bakin shago a hunturu, tambaya ce a wuyan uban da ya turo shi ba guzuri, da al'ummar da ta saba gani har ta daina gani, da hukumomin da ke da kasafin kuɗin kula da yara da 'yan gudun hijira. Bargo 13 ba ya amsa wannan tambaya. Amma wanda ya kai bargo tsangaya da hannunsa, ya ga ɗakin da yara 30 ke kwana ba ƙofa, in ya tashi magana a kan almajiranci ba irin maganar mai kwament daga kan katifa zai yi ba.

Ga masu son farawa, kada a tsaya neman suna da tambari da shugaban ƙungiya da ma'aji, nan ne abubuwanmu ke mutuwa. A fara da zauren da ake da shi, na 'yan aji ko na unguwa ko na Islamiyya ko na coci. Abu na farko a tsayar da awo ɗaya, santimita 20, a yanka kwali daidai girman a ba kowa, don babu abin da ke karya gwiwar mai ɗinkewa kamar fallaye 35 kowanne da nasa girman. A yarda a kan kaurin ulu ɗaya da lambar kwarashi ɗaya, ulun roba na kasuwa ya wadatar tunda yana jure wanki kuma yana saurin bushewa. Kowa ya bar jelar zare mai ɗan tsawo a kusurwar fallensa, da ita za a ɗinke. A sa rana ɗaya a mako ta karɓa, mutum ɗaya ya riƙa rubuta adadi yana sakawa a zauren. Ba sai an aika komai ƙasar waje ba, kuɗin aikawar kaɗai ya isa sayen ulun wani bargon, kuma masu buƙata suna bayan gidanku. A zaɓi wuri ɗaya tun yanzu, tsangaya ɗaya ko gidan marayu ɗaya ko ɗakin haihuwa ɗaya, a je a tambayo yara nawa ne, a dawo a ninka da 35. Adadin da ya fito shi zai gaya muku ko mutum nawa kuke buƙata, da kuma ko makonnin da suka rage kafin Disamba za su isa.